Guntun Igiya da La'adar Kawu

Daga Allah muke, kuma can za mu koma. Kawu ya riga mu. Ya cika da hantsi, yana zaune a kan buzunsa a zaure, an kawo masa koko bai kai ga sha ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa mun dawo, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Saura kwana huɗu kasuwar Batsari ta ci, kasuwar ƙarshe kafin Babbar Sallah.

Inna, wato mahaifiyata, ita ce ƙanwarsa da ta rage. Ba ta yi kuka da murya ba. Ta ɗauki hularsa ta ɗora a cinya, duk matar da ta shigo ta ce mata "Ya haƙuri?" sai ta ce, "Ko jiya ya yi mini faɗa a kan gishiri." Ba ta da wata amsa sai wannan. Matar Kawu kuwa ta shige ɗaki, ba wanda ya sake jin ta.

A waje maza sun cika layi. Mahauta, 'yan koren shanu, fataken da ke loda mota zuwa Kudu, Fulani daga rugagen Wagini da Yasore, wasu har daga Safana a bayan akori-kura. Ana ta addu'a, ana shafawa. Amma zan faɗi abin da na gani, don ni ban iya rufa-rufa ba. Rabin mutanen nan baƙin ciki biyu suka zo da shi. Kana kallon mutum yana "Allah ya jiƙansa," hannunsa ɗaya na cikin aljihu yana laluben wani abu. Wani mahauci ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Malam, don Allah, marigayi bai bar wani littafi ba?"

"Wane irin littafi?"

"Ka gane ai. Inda yake rubuta na mutane."

Na ce masa Kawu bai taɓa riƙe alƙalami ba sai na allo. Mahaucin ya ce "To, Allah ya kyauta," ya koma wurinsa ya zauna kamar an zare masa laka. Ban yi masa dariya ba. Ni ma hannuna na cikin aljihu.

Kawu dillalin shanu ne a karar Batsari, wato kasuwar shanu. Tun kafin Turawa su tafi yake korar shanu da ƙafa zuwa Kudu, har gwiwa ta gaza. Shekarar da aka samu mulkin kai ya shimfiɗa buzu a gindin tsamiyar da ke bakin kara, bai sake canza wuri ba. Yakan ce an sauke tuta an ɗaga wata, mai karɓar jangali dai bai canza fuska ba. Ni kuwa aji huɗu na yi a makaranta, mahaifina ya rasu, aka cire ni. Waɗanda nake gyara wa lissafi a aji su ne yau ke wuce ni a mota, suna ɗago mini hannu ta gilashi. Na yi shekaru ina malamin sikeli a wurin awon gyaɗa, sai kuɗin man fetur ya zo, gyaɗa ta mutu, aka kulle rumfar, aka sallame mu ko na mota ba a ba mu ba. Kawu har ya bar duniya bai kira ni da sunana ba. Malam Aji Huɗu yake ce mini, ko a gaban 'ya'yana.

Abin da ke aljihun mutane ran nan guntun igiya ne. Ga yadda abin yake. Idan kana son shanu amma kuɗinka bai cika ba, ko kana hangen farashi zai tashi, sai ka kama igiya. Dillali ya zaunar da kai da mai shanu, a yanke farashi yau, ka ba mai shanun wani abu kaɗan, ya riƙe maka su har kasuwar da aka ambata. Ranar ta zo, in ka kawo kuɗi, naka ne a kan farashin da aka yanke, ko da shanu sun yi tsadar zinariya. In ba ka zo ba, abin da ka bayar ya tafi, mai shanu ya sayar wa wanda ya ga dama. Kawu yakan yanko igiyar rama kamar taki ɗaya, ya ƙulla adadin shanun a kowane ƙarshe, ya raba ta a tsakiya da wuƙa, yankan karkace. Mai saye ya ɗauki rabi, mai shanu ya ɗauki rabi. Ran cikawa a haɗa bakin yankan a gabansa. Igiya tana faɗin shanu nawa ne. Ba ta faɗin nawa aka yanke. Wannan yana kan Kawu, shi kaɗai.

Liman ya taɓa tare shi a kan haka bayan sallar Juma'a, ya ce yana shakkar kuɗin nan da ake bari wa mai shanu idan ciniki bai cika ba.

Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, in ka ajiye mini sa sati uku, wa zai kai shi kiwo? Wa zai ja masa ruwa a rijiya? In ya karye a hannuna, asarar wa? Ni dai abin da na sani ke nan. In akwai gyara, ku gyara mana."

Liman ya ce zai duba littattafai. Kawu ya ce, "A duba a hankali." Har Liman ya tsufa suna wannan magana, kuma duk Sallah Kawu ne ke zaɓo masa rago.

La'adarsa ba ta motsi. Zamanin fam, sule a kowace fam. Da aka canza kuɗi, kwabo biyar a naira, mai saye ya ba da rabi, mai sayarwa ya ba da rabi. Kuma ba ya karɓar ko anini ranar da aka yanka igiya. Sai ran da aka haɗa ta, shanu suka canza hannu, kowa ya ajiye nasa a kan buzu. In ciniki ya lalace, shi ma ya tashi hannu wofi. Na sha jin yana gaya wa baƙi, "In za ka ɗauki dillali, kada ka fara da tambayar nawa yake karɓa. Tambaye shi yaushe yake karɓa." Wani lokaci kuma ya ce, "Bincika ko ya taɓa ce wa wani kada ka saya."

Shi kam ya sha faɗa. Mutum zai zo da kuɗi a lalita, ya nuna bijimi, Kawu ya tashi ya zaga dabbar, ya buɗe bakinta, ya danna bayan haƙarƙari, ya tsaya yana kallon yadda take tuƙa. Sai ya koma ya zauna ya ce, "Je ka gida da kuɗinka." Ko mai shanun yana tsaye. An zage shi a kan haka ba sau ɗaya ba.

A shekarun fari, lokacin da Fulani ke zubar da shanu a kuɗin buhun gero, wani dattijo daga rugar Wagini ya koro abin da ya rage masa duka. Ni Baffa nake ce masa. Kawu ya sayar masa da sauran, amma ya ware karsana biyu masu ciki ya ce, "Waɗannan ba na sayarwa ba ne."

Baffa ya ce, "Mi zan ba su su ci? Ƙasa?"

Kawu ya ja su gidansa, ya ɗaure a bayan rumbu, ya ciyar da su da harawarsa har ruwa ya sauka, sannan ya aika a zo a ɗauka. Matar Kawu ta yi wata uku tana mita a kan kashin shanu a tsakar gida. Garken Baffa na yau daga karsanan nan biyu ya tashi.

Wannan shi ne mutumin da na yi wa rashin kunya a gaban kasuwa.

Da aka sallame mu daga awon gyaɗa, na tattara abin da nake da shi na shiga harkar shanu. Lokacin kuɗi ya yi yawa a birane, nama na tsada kullum, duk wanda ya kama igiya sati biyu sai ya ci riba. Cinikina na farko a hannun Kawu na yi, na kuwa samu. Da na zo ajiye la'ada sai na ji ta yi mini nauyi. Na ce, "Kawu, ni ma kwabo biyar? Ɗan ƙanwarka?"

Ya ce, "Saniyar ta san kai ɗan ƙanwata ne?"

Mutane suka yi dariya. Dariyar ce ta ɓata mini rai. Na ce masa zamani ya wuce shi, na ce akwai masu yi a kwabo biyu, na ce ni na yi makaranta, na san biyu ba ta kai biyar ba. Na faɗi har da abin da ba zan rubuta a nan ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ɓare goro ya ce, "To, Malam Aji Huɗu, tunda ka iya lissafi, ka riƙa lissafawa. Kada ka bari mai kwabo biyun ya lissafa maka."

Akwai wani sabon dillali lokacin, ba ɗan garin ba, mai jan babur da agogo da tabarau. Ba shi da wurin zama, yawo yake cikin kara yana rangwaɗa, kowa "Alhajina" ne a bakinsa. Shi ne mai kwabo biyu. Na koma wurinsa.

Kwabo biyun gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne sau nawa. Ran kama igiya ya karɓa. Ya ce kada in haɗa shanu shida a igiya ɗaya, gara a raba su bibbiyu, wai ya fi tsaro, kowace igiya kuma da nata. Ranar cikawa ta zo sai ya ja ni gefe ya ce, "Alhajina, kada ka yi gaggawa, motocin Kudu na hanya, mu ƙara kasuwa ɗaya." A ƙara wa mai shanu wani abu, shi ma a ƙara masa. In an cika ya karɓa, in na juya zan sayar ya karɓa. Ga kuɗin mai, wai ya je ruga ya dubo mini su. Ga goron shaidu, shaidun da abokansa ne. Kowanne in ka dube shi shi kaɗai, ba ya kai abin magana, kunya ma za ka ji ka tsaya ciniki a kansa. Kuma bai taɓa ce mini kada ka saya ba. Ko da na nuna akuya mai tari zai ce na yi ido.

Na yi damina biyu da rani biyu a hannunsa. Yawancin cinikin da na yi farashi ya tashi yadda na hanga, amma kullum lalitata raguwa take. Wata rana na zauna da takarda kamar yadda nake yi a wurin sikeli, na bi abin ɗaya bayan ɗaya, sai na ga ribar duka a tankin babur ɗinsa ta ƙare, har ta taɓa uwar kuɗi. Da na tare shi ya ce, "Haba Alhajina, na taɓa karɓar abin da ba ka miƙo mini da hannunka ba?" Wallahi bai taɓa ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Duk tsawon nan ban gaida Kawu a kasuwa ba. Inna ta yi magana har ta gaji. Ina zagayawa ta bayan mahauta don kada in bi ta gindin tsamiya. Yana gani na.

Bana, da aka fara hangen Sallah, na rasa yadda zan yi. Abin da ya rage mini a duniya fadamar da mahaifina ya bari a hanyar Wagini, ita ke ciyar da gidana da rani. Na kai ta jingina wurin wani ɗan kwangila a Safana da ya daɗe yana kwaɗayinta, yana son ya kafa injin ban ruwa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a gaban shaidu: in Sallah ta wuce ban mayar masa da kuɗinsa ba, fadama ta zama tasa. Na ɗauko kuɗin na nufi gidan Kawu, na tsaya a ƙofar zaure na yi sallama kamar baƙo.

Ya dube ni ya ce, "A'a, Malam Aji Huɗu. An gama lissafin?"

Na ce, "An gama, Kawu."

"Nawa ya fito?"

"Biyu ta fi biyar."

Ya yi dariya har ya yi tari. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya wuce ba, ran nan ko bayansa. Da na gaya masa inda na samo kuɗin sai dariyar ta ɗauke. Ya ce da na zo kafin in je Safana da ya hana ni. Ya murza carbi, sannan ya ce tunda an riga an yi, ba za mu yi wasa da ƙananan igiyoyi ba, ɗaya za a yanka, kuma da mutum ɗaya.

Kasuwar da ta biyo ya zaunar da ni da Baffa. Bijimai takwas, a riƙe mini su sati biyar, har kasuwar ƙarshe kafin Sallah. Baffa ya yi ta cewa albarka, Kawu na tayawa a madadina, har suka tsaya. Ba kowa a wurin sai mu uku, don Kawu ba ya son 'yan kallo a kan farashi. Na ba Baffa kuɗin fadama duka a matsayin kuɗin riƙo, wanda ba ya shiga cikin farashi. Kawu ya ƙulla takwas nan, takwas can, ya yanka. Shirin shi ne ran cikawa ya haɗa ni da fataken Kudu, in sayar a take, in biya Baffa, in ɗauki abin da ya hau in fanshi fadama.

Shanu kuwa suka tashi. Kowace kasuwa sai sun ƙara. Na fara barci. Sai ga Kawu ya tafi, saura kwana huɗu.

Kwanakin zaman makokin nan ban san yadda na yi su ba. Ina zaune ina karɓar gaisuwa, kaina na can ruga. Baffa ya zo ran farko, ya yi addu'a, ya goge ido da bakin rawani, ya tafi bai dubi inda nake ba. Na ce shi ke nan. Ran sadakar uku aka gaya mini an ga jan babur a hanyar Wagini. Da yamma sai ga mai babur ɗin da kansa ya zo ta'aziyya. Ya durƙusa kusa da ni.

"Alhajina, ya haƙuri? Babban bango ya faɗi. Na ji kana da 'yar igiya a hannu."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

"Kasuwa ce ai. Ka san Bafulatani da shanunsa, yanzu kowa na taya masa sama da naka nesa. In ya ce ba haka aka yanke ba, wa zai ƙaryata shi? Bar ni in shiga tsakani tun da wuri. Kai nawa ne, ba zan tsananta maka ba."

Na ce masa ya bari mu gama makoki. Ban kore shi ba, kuma wannan ma ina rubuta shi ne don a sani. Na riƙa tuna karsanan nan biyu don in kwantar da raina, sai wata zuciyar ta ce mini wanda aka yi dominsa ya tafi, kai me ka taɓa yi wa Baffa? Ka ga mutane nawa da kuɗin zamanin nan ya canza? Matata ta kawo tuwo na ture. Ta ce, "Tun da Kawu ya rasu ba ka ci abin kirki ba, ashe haka kake ƙaunarsa." Na ji kunya, don na san ba duka don shi ba ne. In na rufe ido injin ɗan kwangila nake ji yana ƙugi a cikin albasar mahaifina.

Ran kasuwa tun da sassafe ina gindin tsamiya. Wani daga cikin mahauta ya ɗauko buzun Kawu daga gida ya shimfiɗa a wurinsa, ba wanda ya zauna a kai. Masu guntayen igiya muka yi cirko-cirko, kowa na leƙen hanya. Wasu nasu suka zo, wasu aka fara musu. Rana ta ɗaga, motocin Kudu suka fara lodi, babu Baffa. Mai babur ya wuce ni sau biyu yana murmushi. Na jiƙe da gumi har igiyar da ke tafina ta yi laushi.

Ana gab da kiran azahar na hango farin bijimi mai karyayyen ƙaho, na gane shi. Na ƙirga, takwas. Baffa na bayansu da sanda a kafaɗa, yana tafiya kamar ba abin da ke jiran sa. Ɗaya ne ya gurɗe a rafi, shi ya sa suka taho a hankali.

Ya zo ya tsaya a gaban buzun, ya daɗe yana kallon sa. Sannan ya juyo.

"Ɗana, ina taka?"

Na miƙa. Ya ciro tasa daga cikin hula, ya haɗa bakin yankan, suka zauna daidai. Na ce, "Baffa, farashin..."

Ya faɗe shi. Yadda aka yanke, ko kwabo bai hau ba. Ya ce, "Ko ba hakanan ba ne?"

Na ce, "Haka ne."

"To mi ya sa kake rawar jiki? Wancan mai babur ya zo har ruga sau biyu. Na ba shi nono ya sha."

Fataken Kudu ba su tsaya dogon ciniki ba, mota na jira. Na sayar, na biya Baffa a gaban jama'a, na juya baya na duba abin da ya rage. Kuɗin fadama ne cif, da ɗan abin da zai kai ni Safana ya dawo da ni. Na cusa a aljihu, na yi hamdala, na kama kekena. A raina har na hau mota.

Sai na ji shiru a bayana. Na waiwaya. Baffa ya durƙusa, ya ware rabin la'ada, nasa kason, ya ajiye a kan buzun da ba kowa, ya ɗora dutse a kai don iska. Ya miƙe, ya dogara sandarsa, ya zuba mini ido. Mahauta ma suna kallo.

Ban manta da la'adar ba. Ƙarya ne in na ce na manta. Tun ran da Kawu ya cika na cire ta daga lissafi, na gaya wa kaina dillali ya mutu kafin ya kammala aiki, kuma ai kawuna ne. Kwana huɗu na yi ina tuhumar dattijon nan da cin amana, ban ci ba ban sha ba, ashe a cikinmu biyu ni ne na zo kasuwa da niyyar cin haƙƙin mamaci.

In na ajiye nawa kason, kuɗin fadama ya gaza, kuma ɗan kwangila ba zai karɓi ragi ba, addu'a ma yake in gaza. Na tsaya riƙe da keke. Keken nan tun ina malamin sikeli na saye shi, shi kaɗai ne shaidar na taɓa cin albashi. Na ajiye la'adar a kan buzu, kusa da ta Baffa. Sannan na tura keken zuwa layin masu gyara, na sayar wa na farkon da ya taya, ba dillali. Ya cuce ni, na sani, ba lokacin ja. Washegari na je Safana na karɓo fadamata. Ɗan kwangila ko ruwa bai ba ni ba.

Da na dawo na ɗaure kuɗin buzun a ƙyalle na kai gidan Kawu. Matarsa na cikin takaba, na durƙusa daga bakin ƙofar ɗaki, Inna na zaune a gefe tana tsince wake.

Na ce, "Iya, ga la'adar Kawu ta bijimai takwas."

Ta miƙo hannu ta bayan labule ta karɓa. Ba ta kwance ba. Ta ce, "Har da ta Bafulatanin?"

"Har da ita."

"Wa ya fara ajiyewa?"

Inna ta daina tsintar wake.

Na ce, "Shi ne."

Ta ce, "Haka ya ce za a yi. Ran da kuka yanka igiyar ya shigo yana dariya, ya ce wannan karon Malam Aji Huɗu zai biya, amma sai ya ga wani ya biya tukuna."

Yau kwana arba'in da rasuwarsa. Na rubuta wannan ne don yaran da ke tasowa a kara yanzu ba su san komai ba sai rasit da hatimi, nan da shekara kaɗan za su ce ba a taɓa yin mutumin da ake ɗaure dukiya a kan harshensa ba. An yi, kawuna ne, kuma na zage shi a kan kwabo uku. An naɗe buzun, wani mai shayi ya kafa tebur a gindin tsamiyar. Mai babur ya sayi mota. Ni ina zuwa fadama da ƙafa.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Bai rage wa kowa awo ba, kada ka rage masa. Ka ba Inna da Iya haƙurin rashinsa. Mu da muka saura, ka sa mu cika da imani, kuma ka sa in ajiye abin da ke kaina tun ba a zuba mini ido ba. Amin.